Binciken tsufan kare: abin da ake aunawa, da inda awon ke kuskurewa

A shekarar 2002 aka fitar da sakamakon wani bincike da aka shafe shekara 14 ana yi a Amurka a kan karnuka 48 nau'in Labrador, wanda kamfanin abincin dabbobi na Purina ya ɗauki nauyi. An haɗa karnukan biyu-biyu, kowanne da ɗan'uwansa da suka fito ciki ɗaya, jinsi ɗaya, nauyi kusan ɗaya. Tun suna 'yan mako takwas aka riƙa ba ɗaya abincinsa cikakke, ɗayan kuma aka rage masa kashi 25 cikin ɗari na abin da ɗan'uwan ya ci. Abincin iri ɗaya ne, yawan ne kaɗai ya bambanta. Waɗanda aka rage wa abinci, rabinsu sun kai shekara 13. 'Yan'uwansu kuwa, rabinsu sun riga sun mutu a shekara 11.2. Kusan shekara biyu ke nan a tsakani, kuma amosanin gaɓoɓi bai kama marasa ƙibar da wuri ba.

Wannan tsohon bincike na nan a matsayin ma'aunin da ake gwada sauran da shi, domin an riƙe komai daidai, an canza abu ɗaya tak, sannan aka yi haƙuri har kare na ƙarshe ya mutu. Mai shiga wannan fage yakan zo da tunanin cewa aikin shi ne neman maganin tsufa. Magungunan da ake zato suna da yawa. Abin da ke cin shekaru da kuɗi shi ne tabbatar da cewa kare ya tsufa cikin ƙoshin lafiya saboda abin da aka yi masa, ba don yana da asali mai kyau ko uban gida mai kula ba.

Me ya sa kare?

Ɓeran ɗakin gwaji yana rayuwa a keji mai tsabta, yana cin abinci iri ɗaya, kuma danginsa duk kusan jini ɗaya ne. Kare kuwa gida ɗaya yake kwana da mutane, iska ɗaya suke shaƙa, ruwa ɗaya suke sha. Cututtukan tsufa suna zuwa masa da kansu ba tare da an ɗora masa ba: sankara, ciwon zuciya, ciwon ƙoda, amosanin gaɓoɓi, har da gigin tsufa. A Amurka da Ingila yana da fayil a asibitin dabbobi kamar yadda mutum ke da kati. Ga shi kuma rayuwarsa gajera ce, abin da za a jira shekara 70 kafin a gani a jikin mutum ana ganinsa a shekara 10 zuwa 12.

Akwai wani abin mamaki da ya sa masu bincike ke maƙale wa kare. A tsakanin dabbobi masu shayarwa, babba ya fi daɗewa: giwa ta fi ɓera nesa ba kusa ba. A cikin karnuka abin ya juye. Ƙaton kare irin Great Dane da wuya ya wuce shekara 10, ƙananan karnuka kuwa suna kai 14 ko fiye. Wani nazari na 2013 ya ƙiyasta cewa duk ƙarin kilo 2 a girman nau'in kare yana rage kimanin wata ɗaya a tsawon ransa. Tun 2007 aka gano cewa ƙwayar gado mai sarrafa sinadarin girma da ake kira IGF-1 tana cikin manyan abubuwan da ke raba ƙaramin kare da babba. Manyan karnuka suna da sinadarin da yawa a jini, suna girma da sauri, suna kuma tsufa da sauri.

Lissafin nan na cewa shekara ɗaya ta kare daidai take da bakwai na mutum ba ya aiki. A 2020 masu bincike a Kalifoniya sun duba alamomin da shekaru ke bari a jikin ƙwayoyin gadon karnukan Labrador 104, suka kwatanta da na mutane. Bisa lissafinsu, kare ɗan shekara 1 yana kusa da mutum ɗan 31, ɗan shekara 4 yana kusa da ɗan 53, ɗan shekara 12 kuma kusa da ɗan 70. Wato gudun yana farko, daga baya ya lafa. Sai dai nau'i ɗaya aka auna, don haka ba a ɗora wannan lissafi a kan kowane kare.

Yadda aka tsara babban binciken

Shiri mafi girma a wannan fanni shi ne Dog Aging Project, wanda Daniel Promislow da Matt Kaeberlein, a lokacin suna Jami'ar Washington, da likitar dabbobi Kate Creevy ta Jami'ar Texas A&M suka kafa. Ya samu tallafin cibiyar binciken tsufa ta gwamnatin Amurka a 2018, ya buɗe rajista ga jama'a a ƙarshen 2019, kuma karnukan da aka yi wa rajista sun kai wajen 50,000. Babu kare ko ɗaya da ke zaune a ɗakin gwaji. Kowanne na gidan masu shi.

An tsara shi hawa-hawa. A ƙasa, kowane mai kare yana cike doguwar takardar tambayoyi sau ɗaya a shekara: me karen ke ci, sau nawa a rana, awa nawa yake motsa jiki, ina yake kwana, da wa yake zaune, wane ciwo aka taɓa gano masa. Daga cikinsu ake zaɓar dubbai a karanta ƙwayoyin gadonsu daga yawun da aka lakato a cikin kumatu. Daga nan sai wani rukuni na kimanin dubu ɗaya da ake ɗibar jininsu da fitsari da kashi da gashi kowace shekara. A can sama kuma akwai gwajin magani. Wani shirin mai kama da wannan shi ne na gidauniyar Morris, wanda tun 2012 yake bin karnuka 3,044 nau'in Golden Retriever, saboda yadda sankara ke yi wa wannan nau'i ɓarna.

Aikin yau da kullum na mai binciken ba shi da wani ƙyalli. Yawancinsa kula da samfuri ne, kuma a nan ake yin asarar da ba a gani sai bayan shekaru. Ana so kare ya kwana bai ci komai ba, kimanin awa 12, kafin a ɗebi jini. Idan mai shi ya ji tausayi ya ba shi abin karin kumallo, ruwan jinin zai fito fari-fari da kitse, ya ɓata awon sinadarai da dama. Jinin ƙidayar ƙwayoyi yana shiga kwalba mai murfi shunayya wadda ke da sinadarin hana daskarewa, a juya ta a hankali, ba a girgiza ba. Na awon ƙoda da hanta ana barinsa ya daskare kamar minti 30, sannan a sa a na'urar juyawa a raba ruwan. In aka ja jinin da ƙarfi ta siririyar allura, jajayen ƙwayoyi su fashe, ruwan ya yi ja, wasu alƙaluman su canza. In aka bar ruwan a kan ƙwayoyin ya daɗe, ƙwayoyin su ci gaba da cinye sukarin, sakamakon ya nuna sukari ya yi ƙasa alhali karen lafiyarsa ƙalau. Abin da za a adana ana rarraba shi a ƙananan kwalabe a sa a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, domin duk narkewa da sake daskarewa tana lalata wani abu a ciki. Kwalba ɗaya babba da ake buɗewa sau biyar ba ta kai ƙanana biyar amfani ba. Kuskuren lamba a jikin kwalba kuwa ya fi duk waɗannan muni, don samfurin zai yi kyau, amma na wani kare ne.

Me ake nufi da tsufa cikin lafiya, kuma da me ake auna shi?

Tsawon rai yana da sauƙin ƙirgawa. Shekarun lafiya su ne masu wuya, kuma su ne mai kare ya damu da su.

Awo na farko shi ne ƙiba, da ma'auni mai hawa 9. Hawa na 4 da na 5 su ne daidai: ka shafa gefen ƙirji ka ji haƙarƙari ba sai ka danna ba, ka duba daga sama ka ga ƙugu ya shiga, ka duba daga gefe ka ga ciki ya ɗage. Duk hawa ɗaya sama da 5 yana nufin kimanin kashi 10 cikin ɗari na nauyin da ya wuce kima. Wani nazari na 2019 a kan fayilolin karnuka fiye da 50,000 daga nau'i 12 ya nuna cewa masu ƙiba sun fi saurin mutuwa a kowane nau'i, daga 'yan watanni a wasu har zuwa kusan shekara biyu da rabi a ƙananan karnuka irin Yorkshire Terrier. Ana auna tsoka dabam, a kan kai da kafaɗa da gadon baya da cinya, domin tsohon kare na iya tara kitse yana zubar da tsoka, sikeli kuma ya nuna nauyinsa bai canza ba.

Ƙoda tana da wayo. Sinadarin kiriyatinin da aka saba aunawa ba ya tashi sosai sai kusan kashi 75 cikin ɗari na aikin ƙodar ya tafi, kuma a jikin karen da tsokarsa ta zube yakan nuna ƙasa da gaskiya. Shi ya sa ake haɗa shi da awon SDMA, wani sinadarin jini da ke motsawa da wuri, da kuma awon kaurin fitsari da furotin ɗin da ke zuba a ciki. Zuciya kuma da na'urar hoto mai amfani da sauti ake duba ta, a auna girman ɗakunanta da ƙarfin matsawarta. Amfanin irin wannan awo ya bayyana a gwajin EPIC na 2016 a kan karnuka 360 masu lalacewar murfin zuciya waɗanda zuciyarsu ta fara faɗaɗa amma ba su fara nuna ciwo ba. Maganin pimobendan ya jinkirta gazawar zuciya da kimanin wata 15. Ba don hoton ba, da ba a san waɗanda za a ba maganin ba.

Tafiya ma ana auna ta: a shata 'yan mitoci a ƙasa mai laushi ɗaya, a riƙe agogo, a maimaita sau da yawa a ɗauki matsakaici. A manyan asibitoci akwai faranti da ake shimfiɗawa a ƙasa wanda ke auna nauyin da kare ke ɗora wa kowace ƙafa. Dalilin wannan wahala shi ne idon mutum yana ganin abin da yake so ya gani. A wani bincike na 2012 a kan karnuka masu ɗingishi da aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta, kusan kashi 40 cikin ɗari na lokutan masu karnukan sun ce an samu sauƙi, likitocin da suka duba su ma sun faɗi haka a fiye da kashi 40. Farantin kuwa bai ga canjin a-zo-a-gani ba.

Gigin tsufa ana gane shi da alamu: kare ya ɓace a cikin gidan da ya sani, ya tsaya a lungu ya kasa juyowa, ya yi barci da rana ya yi ta yawo da dare, ya fara fitsari a ɗaki, ya daina gane mutanen gida. Kafin a ce ƙwaƙwalwa ce sai an kawar da kurumta da makanta da ciwon gaɓoɓi da ciwon mafitsara, don kowannensu na iya kawo irin waɗannan alamu.

Tarkon alƙaluma

A 2022 Dog Aging Project ya duba karnuka 15,019 ya gano cewa yiwuwar gigin tsufa na ƙaruwa da kashi 52 cikin ɗari a duk ƙarin shekara, kuma karnukan da ba sa motsa jiki sun ninka masu kuzari fiye da sau shida wajen samunsa. Jaridu suka ɗauka cewa motsa jiki na kare ƙwaƙwalwa. Yana iya yiwuwa. Amma karen da ƙwaƙwalwarsa ta fara taɓuwa shi ma yakan daina motsi, don haka awon lokaci ɗaya ba zai faɗi wanne ya riga wanne ba. Haka binciken da ya nuna karnukan da ake ciyarwa sau ɗaya a rana sun fi lafiya: karen da ke shan magani safe da yamma dole a ba shi abinci sau biyu, sai ciwon ya zama shi ya kawo yawan cin, ba cin ya kawo ciwon ba. Masu binciken da kansu sun ce kada kowa ya canza tsarin ciyarwa saboda wannan sakamako.

Wani misali daga Ingila ya fi fito da abin fili. Kwalejin likitancin dabbobi ta Landan ta duba karnuka 30,563 da suka mutu daga 2016 zuwa 2020, ta samu matsakaicin tsawon rai shekara 11.2. Jack Russell ya zo da 12.7, French Bulldog kuma 4.5 kacal. Gaskiya ne wannan nau'i mai gajeren hanci yana fama da matsalar numfashi, amma wani ɓangare na ƙanƙantar adadin daga lissafi ya fito. Nau'in bai daɗe da yin tashe ba, yawancinsu matasa ne, don haka waɗanda suka mutu a shekarun binciken dole matasa su rinjaya.

Sai kuma matsalar da binciken mutane ba shi da ita. A Amurka da Ingila yawancin tsofaffin karnuka allurar hutawa ake yi musu idan wahala ta yi yawa. Ranar mutuwa ke nan ta dogara da shawarar mai kare, da aljihunsa, da juriyarsa. Dole a rubuta dalilin kowace mutuwa da halin da karen ke ciki, in ba haka ba za a auna haƙurin mutane a ce tsawon ran kare aka auna. Waɗanda suka ƙaura ko suka daina amsa waya ma ba a share su daga lissafi, ana ƙirga su har ranar ƙarshe da aka san suna raye.

Su wa ke shiga irin wannan shiri? Mutanen da ke da lokacin cike dogayen takardu da kuɗin zuwa asibiti. Karen farauta ko na gadi a Zariya ko Maraɗi yaƙinsa dabam ne: kaska, tsutsar ciki, gudawar jini ta ƙuruciya, ciwon hauka. Da yawa ba sa kai shekarun da waɗannan alƙaluma ke magana a kai.

Gwajin rapamycin

Hanyar fita daga waɗannan tarkuna ita ce gwaji na ƙuri'a, kuma maganin da aka fi sa wa ido shi ne rapamycin. An samo shi daga wata ƙwayar bakteriya a ƙasar tsibirin Rapa Nui da ke tekun Pasifik, kuma tun 1999 ake ba masu dashen ƙoda don kada jiki ya ƙi sabuwar ƙodar. Yana rage aikin wani furotin mai suna mTOR, wanda ke umartar ƙwayoyin jiki su girma idan abinci ya wadata. In aka sassauta shi, ƙwayoyin sukan koma gyara da share tarkacen cikinsu, kusan abin da rage abinci ke yi. A 2009 aka nuna cewa ɓerayen da aka fara ba maganin suna da kwana 600, wato sun riga sun manyanta, sun ƙara tsawon rai da kashi 14 cikin ɗari a mata, kashi 9 a maza.

A karnuka an fara da kaɗan. Gwajin 2017 ya ɗauki karnuka 24 na mako 10, ya ga alamar ingantuwar aikin zuciya ba tare da wata illa babba ba. Wani na karnuka 17 na wata shida, da ƙaramin awon magani, bai ga bambanci a hoton zuciya ba. Haka ƙananan gwaje-gwaje suke, kare biyu ko uku na iya karkatar da sakamako.

Babban gwajin na Dog Aging Project, mai suna TRIAD, yana neman karnuka 580 masu shekara 7 zuwa sama, masu nauyin kilo 20 zuwa 55, waɗanda lafiyarsu ƙalau a ranar shiga. An zaɓi manya kuma masu shekaru ne don a ga bambanci cikin lokacin da za a iya jira. Da 'yan kwikwiyo aka ɗauka, sai an shekara goma ana zaune. Kwamfuta ce ke raba su gida biyu, rabi su sha maganin, rabi su sha ƙwaya mai kama da shi wadda babu komai a ciki, kuma daga mai karen har likitan babu wanda ya san wanne ne wanne. Awon shi ne miligiram 0.15 a kowane kilo, sau ɗaya a mako, wato kare mai kilo 30 zai sha miligiram 4.5. Ana sha shekara ɗaya, a ci gaba da bibiya shekara biyu, ana komawa asibiti duk wata shida. Tazarar mako ɗayan da gangan aka sa ta: shan maganin kullum da yawa, kamar yadda masu dashe ke yi, yana raunana garkuwar jiki, ya ɗaga kitse da sukarin jini, ya jinkirta warkewar rauni. Wannan ne ma ya sa bai kamata wani ya sayo shi ya ba karensa da ka ba.

Kuɗi ma matsala ce ta kanta. Tallafin bincike yakan zo na shekara biyar, kare kuwa yana shekara goma sha wani abu. A ƙarshen 2023 jagororin Dog Aging Project suka sanar cewa babban tallafinsu na gwamnati na dab da yankewa, sai a ƙarshen 2024 aka ba TRIAD dala miliyan 7 don ya ci gaba. Bincike irin wannan in ya tsaya a tsakiya, shekarun da aka riga aka kashe ma sun rage daraja, don amsar tana ƙarshe.

'Yan kasuwa su ma sun shigo. Kamfanin Loyal na San Faransisko yana da LOY-001, wanda aka yi don rage IGF-1 a manyan karnuka, da LOY-002, ƙwayar kullum ga karnuka masu shekara 10 zuwa sama. A Nuwamba 2023 da Fabrairu 2025 hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince cewa akwai dalilin sa ran waɗannan magunguna biyu za su yi aiki. A kula da lafazin: sa rai aka ce. Mataki ne a hanyar samun izini na wucin gadi, wanda ke ba kamfani damar sayarwa yayin da yake ci gaba da tattara cikakkiyar hujja, bayan ya cika sharuɗɗan aminci da na ingancin sarrafawa. Hujjar LOY-002 kanta ana nemanta ne a gwajin STAY, mai karnuka kusan 1,300 a asibitocin dabbobi kimanin 70, inda za a kwatanta tsawon rai da ingancin rayuwar waɗanda suka sha maganin da na waɗanda suka sha ƙwayar wofi.